Tiyar lakwal ba ta cika: ɗiyan talakawa da karatu a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Matanin laccar da aka gabatar a birnin Maraɗi gaban 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo cikin ma'aikatu da rahotannin masu ba da agaji, har ta kusa zama karin magana: wai mutanen karkarar Maraɗi ba su son lakwal. In aka tarar da aji babu yara, sai a ce duhun kan iyaye ne. In yarinya ta bar karatu, sai a ce al'ada ce. Daga nan sai a haɗa tawaga da motoci, a tafi wayar da kai, a tara jama'a gindin bedi, a yi musu dogon wa'azi, a ci abinci, a komo birni. An haura shekara 30 ana wannan wayar da kai, kuma da duhun kai ne ciwon, da tuni ya warke.

Manomin Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji mutum ne mai lissafi. Wanda ke ciyar da baki goma da gonar da ba ta kai eka biyu ba bai da halin yin ganganci da ko tiya ɗaya ta hatsi. Kafin ya saki ɗansa ga kowa, yana yin tambayoyi biyu da kowane ɗan kasuwa ya san su: nawa zai biya, kuma me za a auna masa? A kan tambayoyin nan biyu wannan lacca ta tsaya, domin duk wani shinge da ke tsakanin ɗan talaka da karatu a gundumomin nan uku yana cikin ɗayansu.

Dukansu uku suna kan babbar hanyar kwalta mai lamba 1. Gidan Rumji tana yamma da Maraɗi, da Tibiri da Cadakori da Gidan Sori da Sayi Sabuwa a cikinta. Agye da Gazawa suna gabas, kan hanyar Tasawa da Damagaram. A 2011 ne aka cire Gazawa da Gangara daga Agye aka mai da su gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da dubu 500 a Gidan Rumji, kusan dubu 246 a Agye, kimanin dubu 160 a Gazawa, cikin jihar da ta haura miliyan 3 da dubu 400, wadda ke cikin jihohin da suka fi yawan haihuwa a binciken shekarar. Kusan rabin jama'ar nan yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ke nan maganar lakwal a nan maganar rabin al'umma ce.

Cinikin da ke tsakanin talaka da lakwal yana da tarihi. Zamanin Nasara da ƙarfi ake ɗaukar yaro: kwamanda ya aika wa sarki yawan da yake so, sarki ya aika wa masu gari, mai gari ya ɓoye nasa ya miƙa ɗan wanda bai da mai tsaya masa. Ranar da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma sannu a hankali mutane suka ga ɗan talakan da aka tura don mugunta ya komo mushe, ko anfarmiye, ko babban ma'aikaci mai albashi duk ƙarshen wata. Kuɗin gyaɗa, daga baya kuɗin yuraniyom na shekarun 1970, suka ba gwamnati ikon ɗaukar kusan duk mai takarda aiki. A lokacin takardar lakwal haja ce mai riba, ba a bukatar tallarta.

Sai kasuwar yuraniyom ta faɗi a farkon shekarun 1980, Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka shigo da shirin tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna ƙin tsarin da zai rage abin da ake kashe wa karatu, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991 da mulkin jam'iyyu da yawa. Abin takaicin shi ne, dimokuraɗiyyar da 'yan makaranta suka saya da jininsu, makaranta ce ta fi shan wuya a shekarunta na farko: bashin albashi na watanni, yajin aiki bayan yajin aiki, shekarun karatu da aka soke ɗungum. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin kaye da littafi da alli ya yi tsalle, da yake duk daga waje ake kawo su. An kuma daina ɗaukar masu takarda aiki kai tsaye. Manomi ya ga mai birbe, har mai bak, ya komo gida yana zaman kashe wando, bai iya riƙon hauya kamar ƙannensa ba, bai kuma da buro. Wanda ya ga haka ya riƙe ɗansa a gona, lissafi ya yi, kuma a lokacin lissafin nasa daidai ne.

Duk da haka, da aka kawo lakwal kusa da ƙofar gida, mutane sun zo. Dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ce gwamnati ta lamunce wa kowane yaro karatu daga shekara 4 zuwa 18. Shirin shekara goma na raya ilimi ya fara a 2003, aka buɗe lakwal a ƙauyukan da ba su taɓa ganin mushe ba. A 2000 kimanin kashi ɗaya cikin uku na yara ke firamare. Bayan 'yan shekaru goma sha, adadin ya haura 70 cikin 100. Haka aka gani a wasu ƙasashe: da Yuganda ta soke kuɗin makaranta a 1997, yaran firamare suka tashi daga kimanin miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5 cikin shekara guda. Babu tawagar wayar da kai da ta taɓa yin irin wannan aiki. Farashi ne ya sauko, masu saye suka cika kasuwa.

To, sun zo. Me aka auna musu?

A takarda, shekarar karatu wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. A ƙauyen da ajinsa na siminti ne, ana iya kusantar hakan. Amma dubban azuzuwa rumfuna ne na kara da zana, kuma a 2021 hukumomi da kansu sun ƙiyasta su da kimanin dubu 36 a faɗin ƙasa. Rumfar kara ba ta tsayuwa sai an sami kara, kara kuwa ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi da dawa, sannan iyaye su sami sukunin haɗuwa su kafa dirkoki. Ke nan ajin da aka ce ya buɗe farkon Oktoba, sau da yawa sai Nuwamba ta yi nisa kafin yaro ya zauna cikinsa. A ɗaya ƙarshen kuma, da iskar bazara ta taso, ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, rumfar ta tashi aiki, yara sun bi iyaye shuka. Tsakanin nan ga hunturu, ga ƙurar da ke shiga ta kowace kafa, yaro zaune kan rairayi da allo bisa gwiwa. An datse shekarar daga kai, an datse ta daga wutsiya. Ɗan ma'aikacin da ke lakwal mai zaman kanta a Maraɗi ya sami wata tara cif. Ɗan ƙauyen Gangara ya sami shida in an yi sa'a. A ƙarshe kuma jarrabawa ɗaya za a yi musu, a ce wancan mai ƙoƙari ne, wannan daƙiƙi. Ɗan kasuwar da aka kama yana auna wa mutane da tiyar da aka danna gindinta, kowa ya san sunan da ake ba shi a kasuwa.

Rumfar nan ba lokaci kaɗai take ci ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta kama azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka ƙone. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka yi irinta nan cikin birnin Maraɗi, a makarantar AFN, yara aƙalla 25, galibinsu 'yan shekara biyar da shida, suka rasu. Allah ya jiƙansu. Gwamnati ta hana zaunar da yaran rainon farko cikin rumfar kara bayan haka, amma ɗan aji ɗaya da ɗan aji biyu ba su fi ƙarfin wuta ba. Uwar da ta ji labarin nan a rediyo, ta dubi rumfar ƙauyensu, ta ce ɗanta ya dakata sai ya ƙara wayo, wa zai iya ce mata ba ta san ciwon kanta ba? A 2024 kuma ruwa ne ya yi nasa: ambaliya ta rushe azuzuwa, waɗanda suka tsira suka zama masaukin mutanen da gidajensu suka faɗi, har aka ɗage komawa makaranta a duk ƙasar zuwa 28 ga Oktoba.

Bayan aji sai mai koyarwa. Domin a buɗe lakwal da yawa da kuɗi kaɗan, daga 1998 aka fara ɗaukar malaman sa-kai da alawus na jikka 35 a wata, waɗanda daga baya suka koma malaman kwantaragi. Kafin a ankara sun zama fiye da kashi biyu cikin uku na malaman firamare, da yawansu ba su taɓa zama makarantar horon malamai irin ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi ba. A 2017 ma'aikatar ilimi ta yi musu gwaji, kimanin ɗaya cikin uku ne kawai suka kai matsakaicin maki. An yi ta zagin malamai bayan gwajin nan, amma a yi adalci: su ma hajar wannan lakwal ɗin ce, abin da aka auna musu suke aunawa. Saurayin da aka jefa ƙauyen da babu gidan malami, alawus ɗinsa ya makara, in ya fito kuma sai ya yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu ya karɓo, kwanakin da ajinsa ke rufe ba duka ne laifinsa ba. Laifin da ba shi da uzuri yana sama, wajen rabon malamai. A zamanin jam'iyyu kowa ya san yadda takardar canjin wurin aiki ke fitowa: mai uwa a gindin murhu ya tsaya birni, har a tarar da malamai biyu ko uku kan aji guda, alhali a ƙauye darakta shi kaɗai ke riƙe da aji uku. An rusa jam'iyyun a 2025. Ko an rusa ɗabi'ar tare da su, ma'aikatan da ke zauren nan sun fi kowa sani.

Sai harshe. Yaro ɗan shekara bakwai da bai taɓa jin Faransanci ba, ranar farko da shi za a tarbe shi, a koya masa karatu da lissafi cikin harshen da malaminsa ma wani lokaci da ƙyar yake sarrafa shi. Aiki biyu ke nan a lokaci ɗaya ga yaron da bai karya kumallo ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram, kuma binciken da aka yi a kan irin waɗannan makarantu ya nuna yaransu sun fi saurin kama karatu. Shekara hamsin ke nan ana kiran abin gwaji. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan magana ce babba, amma kundi ba ya koyar da yaro. Sai an buga littattafai, an horar da malamin da ya iya rubuta Hausar da yake magana da ita, kana ɗan Cadawa zai ji bambanci.

In aka haɗa guntuwar shekara da malamin da ba a horar ba da baƙon harshe, ga abin da ya fito: a gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashe goma masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da ke aji shida waɗanda suka kai matakin karatun da ake bukata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gwajin 2019 ya nuna an ɗaga, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai ba. Uba ya ba da ɗansa shekara shida, aka maido masa shi bai iya karanta takardar likita ba. Maƙwabcinsa yana kallo, kuma shi ma yana da ɗa ɗan shekara bakwai. Don haka gazawar da ake gani a Gazawa ba ta mutanen Gazawa ba ce.

Wannan ke nan game da abin da aka auna. Saura farashi, domin an ce lakwal kyauta ce.

Kyauta ce ga wanda bai bukatar hannun ɗansa. Kudancin Maraɗi yana cikin wuraren da ƙasar noma ta fi ƙaranci a Nijar. A Agye saura ya ƙare tun tuni, gona ɗaya ake ta tsagawa tsakanin magada har ta koma kamar tabarma, kuma masu bincike sun daɗe da nuna cewa mata ne suka fara rasa gamanarsu. Gidan da hatsinsa ba ya kai shi wata shida, da me yake cike sauran? Da ƙwadago a gonar mai hali, da tafiya biɗa Najeriya da an gama kaka, da kuma aikin yara. Yankin Cadawa da Agye da Gazawa ƙasar aya ce, kuma tonon aya da tankaɗe ta cikin rairayi aikin mata da yara ne, yana kuma faɗowa daidai lokacin da aka buɗe lakwal. Buhunan ayar da ake lodawa manyan motoci ranar kasuwa, wasu daga cikin masu su suna zaune a zauren nan, akwai kwanakin karatun yara a cikinsu. Yarinya kuwa ita ce ƙafar uwarta: uwa tana cikin gida tana suya ko tana matsar man gyaɗa, ɗiya ce ke fita da talla, ita ce ke jan ruwa, ita ke goyon ƙane, kuma daga ribar tallar ake tara mata kayan ɗaki. Ranar da ta wuni a aji, gidan ya yi asarar cinikin ranar. Ga kuɗin kaye da biro, ga karo-karon kafa rumfa, ga takardar haihuwa da ba a yi ba tun farko, wadda sai jarrabawa ta matso a tuna da ita, a shiga neman takardar alƙali. Kowanne ƙarami ne a idon mai albashi. A aljihun da babu dala, babu ƙaramin kuɗi.

A shekarar yunwa kuwa farashin yakan ninka. Waɗanda suka ga 2005, lokacin da Maraɗi ta zama cibiyar jinyar yara masu tamowa, sun ga yadda gidaje ke kullewa, a kwashe yara a nufi kudu, aji ya watse tun kafin hutu. Inda ake dafa wa yara abinci a lakwal, nan ne kaɗai ba a watse ba. Indiya ta gane haka har kotun ƙolinta ta ba da umarni a 2001 cewa a riƙa ba yaran firamaren gwamnati dafaffen abinci da rana. A nan, kantin lakwal ya tsaya ga 'yan makarantu ƙalilan, kuma mafi yawansa ya dogara da taimakon waje.

Wurin da farashin ya fi tsada shi ne mashigar kwaleji, kuma ɗiya mace ce ke biyansa. Firamare tana cikin gari. Kwaleji tana garin magajin gari ko wani babban ƙauye, tafiyar kilomita masu yawa. Yarinya 'yar shekara 12 ko 13 sai dai ta yi sammako a ƙasa ta bi daji, ko a nema mata mai masauki a gidan da ba na danginta ba, inda sau da yawa takan koma 'yar aiki, ba mai tsawata mata, ba mai tsare ta. Uban da ya auna wannan da abin kunyar da yake tsoro, ga kuma mai neman aure ya fito, ba a bukatar boka ya faɗi abin da zai zaɓa. Binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa 89. Ana yawan cewa aure ne ke fitar da yarinya daga lakwal. Gaskiya ne, amma sau da yawa tsarin yakan juya: lakwal ce ke fara sakin yarinyar, ta faɗi jarrabawa ko ta rasa masauki, sannan aure ya same ta zaune a gida. Dokar 5 ga Disamba 2017 ta yi alkawarin kare ɗiya mace a makaranta har shekara 16. Gwamnatin da ta zo a 2021 ta fara gina wa 'yan mata makarantun kwana, irin ta Kelle a jihar Damagaram, kuma wannan tunani ya dace da ciwon, domin ya amsa tambayar da uba ke yi: ina za ta kwana, wa zai kula da ita? Sai dai abin da aka gina bai kai ko kusa da bukata ba.

Gidan Rumji tana da nata ƙarin kaya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, mafi yawansu mata da yara. A 2021 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya kusan dubu 80 a jihar. An zaunar da wasu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, nesa da iyaka, saura kuwa suna gidajen talakawan da suka raba tuwonsu da su. Ba abin mamaki ba ne, domin sarautar Maraɗi da ta Tibiri kansu Katsinawa da Gobirawan da yaƙi ya koro ne suka kafa su a ƙarni na 19. Amma ajin da da ma ya cika ya sake cika, kuma yaron da ya fara karatu da Ingilishi a can, an ce masa ya sake da Faransanci a nan, alhali shi da malamin da sauran yaran duk Hausa ce a bakinsu. A ƙauyukan bakin iyaka kuma, inda aka sha satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa, malami baƙo ne mai albashi, ya san ana ganinsa.

Mai cewa mutanen nan ba su son ilimi, ya dubi makarantar allo. Uban da ake zargi shi ne ke tura ɗansa wurin malam da asuba da dare, ya biya kuɗin Laraba, ya kai damin hatsi da kaka, ba tare da wata tawaga ta zo da mota ba. Dalili a fili yake: ya san abin da za a auna masa, ya yarda da mai aunawa, kuma lokacin karatun ya bi lokacin gona. Ba a ce babu aibi a nan ba; yaran da ake kwasa bayan kaka a kai su bara Katsina ko Kano ko titunan Maraɗi suna biyan wani farashin mai tsanani, kuma iyaye da malamai za su amsa tambaya a kansa. Amma darasin yana nan. Tun 1957 aka buɗe madarasa ta farko mai haɗa Larabci da Faransanci a Say, kuma duk inda aka buɗe irinta a ƙasar Hausa ba a rasa ɗalibai, har mata.

Abin da ya rage shi ne rabon mutanen zauren nan, kuma maganar ba ta da daɗi. Ma'aikaci da ɗan kasuwa mai hali sun janye ɗiyansu daga lakwal ta gwamnati tun tuni. Ranar da suka janye, lakwal ɗin ta rasa masu bakin da ake ji in sun yi kuka. Fiye da haka, yarinyar da ke shara da wanke-wanke a gidan ma'aikaci domin ɗiyarsa ta isa aji kan lokaci, daga ina aka kawo ta? Yaron da ke tura baro a babbar kasuwa, shekararsa nawa, kuma ɗan wane ƙauye ne? Alhazan Maraɗi sun yi suna wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi, Allah ya saka musu. Aji na siminti mai rufin kwano a ƙauyen haihuwar mutum yana maido wa yaran garin wata biyu ko uku na karatu kowace shekara, ba ya kuma kamawa da wuta. Malamai su faɗa in wannan bai shiga sadaka mai gudana ba. Ɗaki biyu da katanga da dattijuwa mai kula, kusa da kwalejin Gazawa ko ta Cadakori, za su riƙe 'yan matan da doka ba ta iya riƙewa ba. Jihar da ta haifi Mata Masu Dubara a 1991, har tsarin asusun nasu ya bazu ƙasashe da dama, ba ta rasa dabarar tara kuɗi ba.

Ma'aikata kuwa abin da ake nema gare su bai da tsada. Tun 2004 aka fara ƙarfafa kwamitocin iyaye masu kula da makarantu a jihar Tawa da taimakon Japan, ana zaɓen shugabanninsu da ƙuri'ar sirri, daga baya aka yaɗa tsarin ko'ina. A wurare da yawa aikin kwamitin ya tsaya ga tara kara da karo-karo, wato an mai da shi mai karɓar haraji daga talaka. A ba shi ma'auni a hannu. Kowane kwamiti ya aje kaye guda, a rubuta ranar da aka fara karatu da gaske, da kowace rana da aji ya buɗe ko ya rufe, da dalilin rufewar: babu rumfa, babu malami, yajin aiki, ruwa, tsoro. A ƙarshen Yuni sufeton makarantu ya sa hannu, a tara na kowace gunduma, a karanta a rediyon gari da ranar kasuwa, ƙauye bayan ƙauye, kusa da adadin kwanakin makarantun birni. Ma'aikatar ilimi tana ƙidaya yaran da aka rubuta. Iyaye su ƙidaya kwanakin da aka koyar. Kuɗin aikin kaye ɗaya ne da biro ɗaya a kowace lakwal, kuma 'yan kasuwar Agye da Gazawa da Gidan Rumji suna iya sayensu kafin Oktoba mai zuwa.